Almu Mai Madubin Jini

Shekara tara Almu ya yi a bakin taga ɗaya, a wani asibitin sha-ka-tafi da ke can bayan Kebbe, yana duba jinin mutane da madubin likita. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato kuɗin mai suka fara zuba, abokan karatunsa duk sun tsere birni, har masu kan dusa sun sayi babur. Shi ko takardar neman canji da ya rubuta ta fi goma. Amsa kullum ɗaya ce: sai an sami mai karɓarka.

Madubin nan tsoho ne tukuf, da hasken rana yake aiki. Mamurɗi biyu gare shi. Babban shi ke sauko da idon kusa da gilashin jini, kuma Almu ba ya murɗa shi sai yana leƙe ta gefe, kada ya fasa gilashin. Ƙaramin shi ke fito da ƙwayar cuta sarai. To ƙaramin nan ya cinye, rabin juyi yake yi a banza kafin ya kama. Wanda bai sani ba sai ya tsaya a dishi-dishi ya ce jini lafiya lau.

Ran nan dai Allah ya kawo mai karɓa, Lauwali, sabon fitowa daga makaranta, da farar riga har da biro uku a aljihu. Murna wajen Almu ba a magana. Ya ɗaure akwatinsa, ya kama wuri a motar Tambuwal, wadda ba ta zuwa sai ranar kasuwa.

Yana sallama da mutane aka shigo da Lauratu matar wani manomi, da tsohon ciki, jiki kamar garwashi. Lauwali ya ɗebi jini, ya leƙa, ya murɗa, ya ɗago.

"Babu komi, Malam Almu. Gajiya ce."

"Ka kai ƙaramin har inda shika kamawa?"

"Haba Malam, ai mun yi wanga a makaranta."

Direba ya danna oda. Almu ya tsaya riƙe da akwati, zuciyarsa na ce masa tafi abinka, ba aikinka ba ne yanzu. Kai, ya ƙi jinin garin nan a lokacin! Amma ya ajiye akwatin, ya sunkuya, ya juya ƙaramin har ya ji ya ciji. Ga su nan birjik, ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro.

"Zo ka gani."

Lauwali ya leƙa ya yi tsuru-tsuru. Ya taɓa mamurɗin, komai ya sake ɓacewa. Ya nema, ya nema, gumi ya jiƙa farar rigar.

"Malam, don Allah sake hiddo min su."

A waje mutum goma sha ɗaya na zaune kan benci suna jiran a duba nasu. Almu ya ji motar ta tashi, bai ko waiwaya ba. Ya ja kujerarsa ya zauna, ya ce a kawo wa Lauratu allura.