Matar da Ta Huda Ƙafar Am Mokhtar

Kullum ƙarfe bakwai da rabi Lalla Najiba Fourati take isa ma'aikatar ƙera ƙafafun roba ta nan birnin Sfax. Sai ta ɗora kofi, ta goge tabarau, sannan ta kunna kwamfuta. Abin da ake turo mata siffar ƙafa ce da aka auna a jikin mai ita, cikinta a cike kamar gungume. Aikinta ta rarake ta a manhajar zane har ta zama ɓawo, kafin inji ya ƙera ta. In ɓawon ya yi kauri, mai ƙafar ya yini yana jan nauyi. In ya yi siriri, wata rana ya fashe da shi a tsakiyar titi.

Akwai maɓallin da ke yin rarakar nan take, kauri ɗaya ko'ina. Ita ba ta tsayawa nan. Takan bi lungu-lungu, ta ƙara a diddige, ta rage a sha-raɓa. Shekara goma sha takwas ke nan, kuma mafi yawan masu taka ƙafafun da ta zana ba su san sunanta ba.

Abin da abokan aikinta suka fi tunawa shi ne zancen Am Mokhtar, wani dattijon masunci daga tsibirin Kerkennah, wanda ciwon sukari ya raba da ƙafar hagu. Ta yi masa ƙafa mara nauyi, a rufe ruf, domin a sana'arsu ɓawon da ba shi da ko tsaga shi ne shaidar gwaninta. Bayan mako guda sai ga shi yana dogara sanda, ƙafar a hammata.

"Injiniya, ƙafa na roƙa ko kwalekwale?" in ji shi. "Da na shiga ruwa, ni ƙasa nake so, ita sama. Sau uku tana kifar da ni, kifaye na kallo!"

Aka kwashe da dariya. Shi bai yi ba.

"Na ce wa mai ɗakina zan bar wa maƙwabta tarkon kifina. Tun kakana muke kafa shi a bakin tekunmu, amma ba zan mutu a ruwan da bai kai ƙugu ba."

"Am Mokhtar, laifina ne," ta ce. "Na tambayi nauyinka, ban tambayi inda kake takawa ba. Ka ba ni kwana goma."

Ran Lahadi ta hau jirgin ruwa zuwa tsibirin. Ta tattare zane, ta shiga teku har bakin shingen rassan dabino da ke kora kifi cikin tarko, ta ji yadda ruwa ke ɗaga duk abin da ke da iska a ciki. Da ta dawo ta buɗe zanen ƙafar a kwamfuta, ta huda ta a idon sawu da ƙarƙashin gwiwa, yadda ruwa zai shiga ya danne ta, in an fito ya tsiyaye. Ta ƙara kauri a gefen kowace huda don kada ta tsage.

"Lalla, mu muna toshewa, ke kina buɗewa?" in ji Si Anouar, mai kula da injin.

"Kai dai kunna, ɗana. Ba a tebur za a taka ta ba."

Ita da kanta ta kai masa. Dattijo ya ɗaura, ya shiga ruwa a hankali, ya yi ta tafiya bai waiwayo ba.

"Yaya ka ji ta?" ta ɗaga murya daga gaɓa.

"Haba Injiniya, ki yi shiru mana, kina korar mini kifi!"

Lalla Najiba, ke ce gwanar da ba ta jin kunyar cewa na yi kuskure. Ke ce mai sauƙaƙa wa mutane tafiya, ki koma kujerarki ba wanda ya gan ki. Yau da kike ajiye aiki, mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma da za ku gaji wannan kujera, ku koyi tashi daga gaban allo ku je inda mutum yake rayuwa, kafin ku yanke masa kauri.

An gayyaci Am Mokhtar walimar bankwana. Ya aiko a ba ta haƙuri: ruwan teku ya janye, shi kuwa yana bakin tarko.