Kwalba mai jan zare

Kwalbar ta mahaifiyata Mma ce, aro ta ba ni, kuma sai da ta nanata mini kalmar aron nan har kunnena ya gaji. Doguwa ce, koriya, da ita take auna man gyaɗa. A Zangon Kumasi na wancan zamanin kwalba dukiya ce. Da ita ake sayen kananzir, da ita ake auna manja, kuma mace ba ta yar da kwalba ko da bakinta ya ɓantare. Shi ya sa da na ce mata Madam ta ce kowa ta kawo kwalba za mu yi kiɗa, ta tsaya tana kallona kamar na ce ta ba ni tukunyar miya in tafi wasa da ita.

Madam ɗin nan budurwa ce 'yar Asante, ɗaliba a jami'a. Kowace Asabar da yamma takan shigo tirotiro, motar haya ta cikin gari, daga wajen Ayigya ta same mu a wani aji na firamare a bakin Ashanti New Town. Mu 'yan matan Zango ne zalla, iyayenmu sun yarda mu je ne don sun ji babu namiji ko ɗaya a ciki. Ta nuna mana maganaɗisu yana jan allura ta bayan takarda. Ta tara rana da gilashi har busasshen ganye ya kama wuta, wata a cikinmu ta yi a'uziyya ta koma bayan aji. Hausarta a karye take, kowa "kai" ne a wurinta, mu kuma muna kwaikwayonta a hanyar gida ba ko kunya.

Kwalaben ne suka fi komai shiga ranmu. Ta jera su a kan benci, ta zuba wa kowace ruwa, wata da yawa wata kaɗan, ta ba kowace yarinya cokali. In ruwa ya yi yawa muryar kwalba ta yi kauri, in ya ragu ta yi siriri. Ta sa muka ɗora yatsa a jikin kwalba muka ji tana rawa bayan an buge ta, ta ce ruwa nauyi ne, kwalbar da ta ɗauki nauyi ba ta iya rawa da sauri. Da kowace ta sami muryarta sai muka ɗaura zare daidai inda ruwan ya tsaya, domin kafin wata Asabar yakan ɗan ƙafe, sai an ƙara. Zarena ja ne. Na ƙawata baƙi, ta tsinko shi daga bakin zanen uwarta.

Waƙar gaɗa ce muka ɗauka, irin wadda muke yi a tsakar gida, aka raba ta a kan kwalabe, kowa da gaɓarta. In yarinya ɗaya ta yi nawa, waƙa ta sami rami. Ni da ƙawata mu ne a ƙarshen layi: in buga tawa, ta buga tata, waƙa ta rufe. Madam takan ce ni ce mai tambaya, ita ce mai amsa. Hakan ya dace da mu, don ni bakina ba ya hutawa, ita kuwa sai ka yi mata magana goma kafin ka sami ɗaya. An shirya za mu buga wa iyaye mata bayan ƙaramar Sallah.

Cikin azumin ƙarshen 1969 rediyo ya faɗa cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama an ba shi mako biyu ya bar ƙasar. Zango ya rikice. Gadaje da kekunan ɗinki suka fito bakin hanya ana neman mai saye. Maza suna fita da fararen riguna su yini a layin ofis da azumi a bakinsu, su dawo hannu rabbana. Kowace safiya da sabon labari: an zagaye kasuwa, an kwashe mutane a motar 'yan sanda, wane ya kwana a gida bai wayi gari a gida ba. Dama can al'adarmu ba a faɗin ranar tafiya, to yanzu ga tsoro ya ƙaru a kai. In aka ji za ka tafi, kafin ka ɗaure kaya wani ya zo yana auna ɗakinka da ido. Sai aka ja wa yara kunne, kowane gida ya kulle bakinsa.

Ni ban ji tsoro don kaina ba. Baba ɗan kasuwar goro ne, a Kumasi aka haife shi, ubansa ne ya zo da fatake daga ƙasar Kano tun Baba bai zo duniya ba. Yakan buga ƙirji ya ce, "A nan aka binne cibiyata. Wa zai tambaye ni takarda a gidan ubana?" Tsorona ƙawata ce. Su Zabarmawa ne, ubanta daga Nijar ya zo da girmansa, yana aikin ƙarfi a injin katako wajen Buokrom, Asantancinsa bai wuce gaisuwa ba. Kowa a gidanmu ya ɗauka su ne na farkon tafiya. Ni kuwa tun muna rarrafe muke tare, a kwano ɗaya muke shan koko, ban san yadda ake zama a Zango ba ita ba.

Asabar ta farko bayan sanarwar, wata Bayarabiya da uwarta ke sayar da atamfa ta jira muka tashi, ta ɗauki kwalbarta, ta zubar da ruwan ta taga, ta ce mamanta na bukata. Ba wanda ya kawo komai a ransa. Asabar ta gaba ba ta zo ba, ɗakinsu kuma da kwaɗo. A ranar wasu biyu suka ce iyayensu na bukatar kwalabe. Nan muka gane. Hanya doguwa ce, bayan lori ba wurin ajiye bokiti, ruwan sha sai a cikin abin da ake toshe bakinsa. Duk yarinyar da ta ɗauki kwalbarta, ta yi ban kwana ke nan, ko da ba ta buɗe baki ba.

Daga nan ban ƙara tafiya makarantar nan a hankali ba. Da gudu nake zuwa, ga azumi, ga rana, in leƙa ta taga kafin a buɗe ƙofa, in nemi baƙin zare a kan kantar da muke ajiye kwalabe. In na gan shi sai numfashina ya dawo. Na tsare ƙawata a bayan aji na ce ta rantse mini ba za su tafi ba. Ta ce, "An hana ni magana." Na ce ni ce fa, ba 'yar sanda ba ce. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ke dai ki riƙa duba kwalba." Wallahi kamar in shaƙe ta. Na yi kwana da kwanaki ina fushi da ita, ina kuma bin ta duk inda ta sa ƙafa.

Waƙarmu ta zama duk ramuka. Madam ta kawo kwalabenta ta cike gurabe, yarinya ɗaya tana buga biyu, wani lokaci uku, amma Madam ba ta taɓa ambaton abin da ke faruwa ba, kuma shirun nan nata ya ci mini rai. Wata rana muna tsakiyar waƙa motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar makaranta. Cokula suka tsaya cak. Ƙawata ta zame ta shige ƙarƙashin benci. Madam ta ce mu ci gaba, ba wadda ta motsa. Sai na ji bakina ya ce, "Madam, mutanenku ne fa ke korarmu." Ta dube ni ta ce, "Kai, riƙe cokalinka." Ta je ta tsaya a bakin ƙofa, ta cika ta da jikinta, har motar ta tashi. Ashe lemo suka tsaya saye.

Ranar da na fi shan wuya ita ce Asabar ta bayan Sallah. Na leƙa ta taga, babu baƙin zare. Na zauna a ƙasa da sabon zanena. Ina nan zaune sai ga ƙawata ta ɓullo daga wajen famfo, kwalba a hannu, ta je ƙara ruwa ne. Na tashi na rufe ta da zagi, ba irin wanda ban yi mata ba, tana tsaye tana murmushi, abin da ba ta saba ba. Da na gaji ta matso ta raɗa mini cewa mai injin katako ya tsaya wa ubanta, takarda ta fito. Ba inda za su. Na rungume ta har ruwan ya zube mana a ƙafa.

Wasan iyaye bai yiwu ba, rabin iyayen ma sun tafi. Ban damu ba, ni dai na sami abin da nake so. Hausawa suka ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, ni kuwa gemun maƙwabta na tsaya kallo. Na ga Baba ya daina zuwa rumfarsa, na ɗauka hutun Sallah ne ya yi tsawo. Na ji shi yana gaya wa Kaka, uwarsa, cewa a ofis sun ce ya kawo takardar haihuwa. Kaka ta ce, "Ni ce takardar, ka kai ni." Na yi dariya na wuce. Kwanukan auren Mma da ke jere a kabad suna raguwa ɗaya bayan ɗaya, na tambaya, ta ce maƙwabta ne suka ara.

Sabuwar shekara ta shigo. Wata Asabar ina ɗaura ɗankwali zan fita, Mma tana suyar ƙuli-ƙuli mai yawan da ya fi ƙarfin gidanmu, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "In kun tashi ki taho mini da kwalbata."

Na ce, "Mma, ba ki da wasu?"

Ta ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma in na ji maganar nan a bakin wani, ni da ke ne."

Ban yi kuka ba, haushi ne ya cika ni. Haushin Baba da cibiyarsa, haushin rediyo, haushin kaina da na yi makonni ina gadin kwalbar wata. Na tafi makaranta a hankali, karo na farko tun azumi.

Mun yi waƙar a ranar kamar kullum. Na buga, ta amsa. Da aka tashi kowa ta mayar da tata kan kantar ajiya, ni na tsaya da tawa a hannu. Madam ta juya tana goge allon da babu rubutu a kai. Ƙawata ta dubi kwalbar, ta dube ni, ba ta tambaye ni komai ba, ta san an hana ni magana. Ta karɓe ta daga hannuna ta fita, na bi ta. A famfo ta ɗauraye ta, ta cika ta har wuya, ta samo totuwar masara ta toshe bakin sosai. Na kai hannu zan kwance jan zaren, ta riƙe mini yatsa ta ce, "Bar shi." Ita ce maganar ƙarshe da na ji daga bakinta.

Lorinmu ya tashi daga Kumasi cike da mutane da ƙunshin kaya, ya je iyakar Togo ya tsaya a bayan wasu lorori da ba a ganin ƙarshensu. Nan muka zauna cikin rana, ba gaba ba baya. Ruwan sauran kwalabe ya ƙare, aka zo kan tawa. Mma ce ke rabo, kurɓi-kurɓi, Kaka ce ta farko don jikinta ya fara saki. Duk sanda aka sha sai in karɓa in tsayar da ita a kan katakon lori in ɗan taɓa ta da awarwarona. Da farko muryar a toshe take, mai kauri, ba tawa ba. Ana sha tana sirancewa.

Da la'asar ta wata rana ruwan ya sauko daidai jan zare. Na buga, sai ga muryata ta fito, ita ce sak, wadda nake bugawa a ƙarshen layi. Na riƙe numfashi ina jira, don hannuna da kunnena sun saba akwai wadda ke biyo baya. Ba abin da na ji sai kukan jarirai da tarin Kaka. Na sake bugawa. Mma ta miƙo hannu ta ce, "Kawo, Kakarki na jin ƙishi." Na rungume kwalbar a ƙirji na ce a bari zuwa anjima. Ba ta yi mini tsawa ba, hannunta dai na nan a miƙe, Kaka kuma tana lasar busasshen leɓe. Na ba ta.