Fasinja Ne, Ban San Shi Ba

Da safiyar ranar, Baffa Ilu yana kan tabarmarsa a gindin mangwaron gidanmu a unguwar Yakité ta Bangui, yana shan shayi da burodi. Yayan mahaifina ne, shi kaɗai ya rage cikin manyanmu. Rabi matata tana wanke wa yaranmu biyu fuska. Ni ina goge babur, don da shi nake ciyar da gida, ina ɗaukar fasinja daga Titin Koudoukou zuwa cikin gari.

Baffa yana da al'ada. Kullum in ya idar da lazimi sai ya yi wa matattunmu addu'a, yana kiran sunayensu a fili ɗaya bayan ɗaya. Yakan fara da mahaifinsa, Saje Mamman, ya yi sama har ya kai ga ƙauyen da suka fito a ƙasar Damagaram. Saje Mamman sojan Faransa ne. An ɗebe shi yana saurayi, ya yi yaƙi a hamada, aka sallame shi a Bangui, bai koma gida ba. Iyakar abin da na riƙe ke nan. Baffa yakan ce in zauna in karɓi sunayen daga bakinsa kafin ya tafi da su, ni kuma in amsa masa da Sango, yaren Bangui, in ce kekereke, wato gobe. Ranar ma haka na ce. Ya ce goben nan tawa ta kusa fin shi tsufa.

Wajen ƙarfe takwas muka ji harbi daga yamma. Da fari ɗaya-ɗaya. Daga baya sai ihu, da bugun gwangwani, da ƙarar kwanon rufi ana ɓalle shi. Hayaƙi ya taso bayan layinmu.

Maƙwabciyarmu Mama Odile, Kirista ce, ta leƙo ta kan katanga. Ta ce masu farautar Musulmi suna bi gida-gida, kuma an riga an nuna musu namu. Da hannunta ta cire wa Rabi hijabi, ta ɗaura mata zanenta, ta goya ƙaramar 'yarmu. Ta ja su ta lungunan baya zuwa Masallacin Koudoukou, inda Musulmi suke taruwa.

Baffa ba zai iya bin lungu ba. Gwiwoyinsa sun daɗe da mutuwa, lungunan kuma duk kwata ce da katako a kai. Sai dai babur, sai dai titi, sai an haye gada.

A nan na kawo dabarata. A ƙasan akwatin Baffa akwai kakin Saje Mamman, da jar dara, da lambobin yabo. Duk shekara Baffa yakan sa su ya je taron tsofaffin sojoji, kuma na sha gani da idona jandarmomi suna sara masa a hanya. Na ce ya sa. Na ce babu mai taɓa ɗan tsohon soja a ƙasar nan. Ya ce kayan ubansa ne, shi bai taɓa riƙe bindiga ba, kuma waɗanda ke zuwa ba jandarmomi ba ne. Na daka masa tsawa. Ban taɓa yi ba sai ranar. Ya miƙo hannu, na zura masa rigar. Ni kuwa na cire hulata na jefa bayan randa.

Da hantsi muka fito. Titi babu kowa sai takalma da kayan da mutane suka zubar. Rana ta bugi lambobin suna walƙiya. Jar darar nan ana hango ta daga nesa. Sai a kan hanya na gane abin da na yi, kuma babu wurin juyawa.

Kafin gada sun tare titi da gungume da tayoyi. Matasa ne da adduna, wuyansu cike da layu.

"Luti!" Wato tsaya.

Na tsaya. Suka kashe babur ɗin, suka janyo Baffa ƙasa. Ɗaya ya kaɗe darar da bakin adda. Wani ya kama lambobin yana ja, suna dariya. Ba su ga ɗan tsohon soja ba. Gemu suka gani, da tabon sallah a goshi.

Babbansu ya juyo kaina. Ba ni da gemu, ba ni da hula, Sangona kuwa na haihuwa ne. Ya tambaye ni wane ne wannan tsohon a wurina.

Na ce, "Fasinja ne. A hanya na ɗauke shi. Ban san shi ba."

Baffa yana jin Sango sarai. Ya dube ni sau ɗaya, bai ƙaryata ni ba.

"Wuce!"

Aka ja gungumen gefe. Ina ɗora ƙafa kan babur sai na ji muryar Baffa. Bai roƙe su ba. Ya ɗaga fuska sama kamar mai addu'a, don kada su gane da ni yake, ya ɗaga murya da Hausa yadda ban taɓa jin ya ɗaga ba.

"Ilu ɗan Mamman. Mamman ɗan Tanko. Tanko ɗan..."

Na taka babur ya tashi. Da na tura shi da ƙafa kaɗan, da na ji sauran. Ban tura ba. Na murɗa hannu, ƙarar inji ta rufe komai. A madubi na ga bakinsa yana motsi. Daga nan suka rufe shi.

Kafin azahar na shiga harabar masallaci. Mutane ko'ina, har bakin wurin alwala. Na sami Rabi da yaran da rai. Mama Odile ta kawo su bakin titi ta juya. Rabi ta dubi bayan babur, ta dube ni. Na ce mata sun ƙwace Baffa daga hannuna. Sai bayan shekaru na gaya mata yadda aka yi.

Washegari da la'asar masu kwasar gawa suka kawo shi cikin wasu. Babu riga a jikinsa. Ni na yi masa wanka. Hanyar maƙabarta ba ta biyuwa, muka binne su a filin wani gida kusa da masallaci. Liman ya tambaye ni sunan mahaifinsa, wannan kam na iya faɗa.

Mun daɗe a harabar nan, muna jin gurneti yana faɗuwa bayan katanga. Da manyan motoci suka zo muka hau saman kaya, mutum kan mutum. A hanya ana jifanmu da duwatsu. Wani ya zame ya faɗi, motar ba ta tsaya ba. Haka muka kai iyakar Kamaru.

A sansanin gudun hijira wani dattijo ya tambaye ni ni ɗan ina ne. Na ce Bangui. Ya ce ba wannan ba, asalin gidanmu. Na ce wajen Damagaram. Ya ce Damagaram ƙasa ce, ba gida ba.

Da na sami hali na je. Na bi ƙauyuka ina gaida masu gari, ina tambayar wani Mamman ɗan Tanko da Faransa ta ɗauka soja bai dawo ba. Ko'ina aka ba ni ruwa da tabarma. Kusan ko'ina akwai Mamman da aka ɗauka bai dawo ba. Sai su tambayi sunan uban Tanko, in ce ban sani ba. Wata tsohuwa ta daɗe tana duban fuskata ko za ta ga zanen gida. Ba a yi mini ba.

Mun koma Bangui, muka zauna a unguwar Kilomita Biyar. Gidan Yakité saura bango. An yi gini a kan filin da muka binne Baffa, ban iya nuna wa yarana daidai wurin ba. Sun san sunana, da na mahaifina, da Mamman, da Tanko. Daga Tanko zuwa sama babu kowa.