Gwangwanin Inna da tambayar Yaya Rabi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Rabi, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a Anka. Abokan aikinta suna kiranta Mai Zazzage, domin ba ta kwantar da marar lafiya sai an zazzage mata ledar maganinsa a kan tebur. Ta ɗauki katin asibiti a hannu ɗaya, ƙwaya a ɗaya, tana gwadawa. Idan an miƙa mata kati kawai sai ta ce, "Ba abin da anka rubuta nika tambaya ba. Mi kake haɗiyewa?"

Ni kaina na sha yi mata tsiya. Nakan ce da kwastan ta shiga da tuni ta yi suna. Ita ko a jikinta.

A damanar bana Innarmu ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, muka kai ta asibiti a Gummi. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu mutane sun yi mata yawa. Ta duba kati, ta ga maganin hawan jini guda a rana, ta kwafe, za ta wuce gado na gaba. Ina tsaye kamar an dasa ni, sai tambayar Yaya ta faɗo mini. Na hau babur na koma gida na ɗauko gwangwanin madarar da Inna ke ajiye magani.

Inna ba ta karatun boko. Ɓare ƙwayoyin take yi ta zuba a gwangwani, da launi take gane su. Allah ya taimake mu ba ta zubar da kwalayen ba, tana adana allura da zare a ciki, sai na haɗo da su.

"Wanga hwari na Gummi na," in ji Inna. "Jan kuwa Bukkuyum anka sawo min. Duka nika sha, kada in yi wa likita gardama."

Ma'aikaciyar ta karanta kwalayen biyu. Magani ɗaya ne, kamfani ne ya bambanta. Tun kafin shuka Inna take shan ninki biyu, jininta yana ta sauka. Da an sallame ta a kan abin da kati ya faɗa, da ta koma ga gwangwaninta.

Da Yaya tana nan, na san ba za ta zagi kowa ba. Za ta tambaya ne kawai me ya sa har yau zazzage leda bai zama doka a kowane asibiti ba. Ni ba likita ba ne, malamin firamare ne, amma na ɗaura niyya. Duk wanda za a kai asibiti a unguwarmu, sai na tare motar na tambayi ledarsa, ko da za a ce na cika shisshigi.

Inna tana nan da ranta, tana tankaɗen gero. Jiya na ji maƙwabta suna kirana Mai Zazzage. Na amsa, sannan na shiga ɗaki na yi kuka. Allah ya jiƙan mai sunan.