Lamba Biyu a Kujerar Yaya

Yayana direba ne, amma in ka ce masa direba kawai ka tsaya nan, ka ɓata masa rai. Shekara talatin da ɗaya yana tuƙi a kamfanin haƙa rijiyar burtsatse, ko kaza bai taɓa takewa ba. Sannu-Sannu ake kiransa a wurin aiki, don in ka ga motarsa ta wuce tamanin, to sace ta aka yi. Gajere ne kakkaura, ga zargin tsiya. In ka gaishe shi da fara'a da yawa sai ya shafa aljihu. Ni ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, sai dai tsawon gidanmu duk ni na kwashe. Shi ya koya mini tuƙi da ranƙwashi, shi ya kawo ni kamfanin nake jan tsohuwar motar aike.

Bara kamfani ya sayo babbar a-kori-kura mai gida biyu, irin mai ƙarfin jan kwamfiresa, wato babban injin iskar da ake haƙa da shi, aka danƙa wa Yaya makulli. Na zaci zai yi murna. Ina! Kwana uku yana zagaya ta kamar an kawo masa sammaci. "Motar da take magana," in ji shi, "ai za ta iya kai gulma ofis." Allon gaba tawul ya lulluɓa masa. Ranar da kujera ta fara ɗumama masa baya kuwa, tsayawa ya yi a bakin titi ya dira da gudu, wai wuta ta kama.

A hankali dai suka saba, har ya mayar da cikinta ɗakinsa. Aljihun ƙofa na tocila ne da tsumma. Akwatin da ke tsakanin kujerun gaba, mai sanyin nan, na ruwa ne da maganinsa. In ka ɗaga kujerar baya akwai ma'aji, nan ya jera igiya da sifanu da takalmin ruwa da rigar canji, a ninke. Ka matsar da biro, zai sani. Matarsa ta ce saura katifa ya kai, ta huta da shara.

Abin da ya fi so shi ne maɓallai biyu a jikin ƙofar direba, lamba ɗaya da lamba biyu. Ka daidaita kujera da madubi yadda kake so, ka danne maɓalli har ya yi ƙara, shi ke nan mota ta haddace ka. Yaya ya ɗauki lamba ɗaya. Kullum da safe ya taɓa, kujera ta matso da shi har bakin sitiyari, shi kuma ya washe baki ya ce, "Ta san mai ita."

Abin da bai gaya wa kowa ba, ƙafarsa ta dama ta fara mutuwa in ya daɗe a zaune. Wata rana ya gogi ginshiƙin get da kwamfiresa, maigadi ya gani, magana ta kai ofis. Manaja ya kira ni ya rufe ƙofa. Ya ce ƙarshen wata za a mayar da Yaya sito, motar kuma sai an ba wani. "Ko kai, ko in ɗauko bare. Ka zo ranar hutu ka gwada ta da kaya a baya. Kada ka ce masa komai, ni zan gaya masa da kaina."

Na ce wa kaina gara ta zauna a gida da ta faɗa hannun bare. Amma gaskiya ɗaya ce, wallahi ina son motar nan. Na je, manaja ya ba ni makullin ajiya, na tuƙa ta, na miƙe ƙafa yadda ban taɓa miƙewa ba a cikin mota, ɗoki ya ɗebe ni na danne lamba biyu har ta yi ƙara. Da na gama na mayar da ita lamba ɗaya, na goge sitiyari da gefen rigata, na ce na ci bulus.

Bayan kwana biyu Yaya yana goge ƙofa, tsumma ya taɓa maɓallin lamba biyu. Sai ga shi ya zo ya ja hannuna bayan gareji.

"Zo ka ga abin duniya."

Ya hau, ya danna lamba biyu. Kujera ta ja baya suuu, ta bar shi yana lilo da ƙafa, ko totur ba ya kaiwa.

"Ka gani? Wani dogon banza ya shiga motata. Kujerata ake auna wa wani ina raye."

Na ce ƙila daga kamfanin da suka ƙera ta ne. Ya harare ni. "Wata takwas ina taɓa shi ba ya motsi. Kai ma da shirme kake."

Daga ranar ya zama ɗan sanda. Duk wanda ya gifta, ƙafarsa yake kallo kafin fuskarsa. Ya kira bakanike wai ya zo ya saurari wata ƙara, ya zaunar da shi ya danna lamba biyu, ya ga bai cika wurin ba, ya sallame shi. Ya yi wa mai wankin mota haka. Sabon direban tanka, bawan Allah, sati guda Yaya bai amsa gaisuwarsa ba don kawai yana da tsawo. Ya riƙa ɗaura zare a hannun ƙofa in zai tashi, yana barbaɗa hoda a kan tabarmar ƙafa. Kowane tarko kuma sai ya zo ya gaya mini inda ya ɗana shi.

"Kai kaɗai na yarda da kai a gidan nan. Ka sa mini ido."

Ni da na fi kowa tsawo a wurin! Ko sau ɗaya bai kalli ƙafata ba. Abinci ya daina shiga mini. Sau biyu na buɗe baki zan faɗa, sai in ji kaina ina tambayarsa lafiyar yara. Manaja kuma bai gaya masa ba, kullum gobe, kullum gobe.

A sati na uku motar aike ta lalace, aka ce in bi Yaya in kai bututu wurin haƙa. Muna dawowa da rana tsaka, a wata gangara, kwamfiresa tana turo mu daga baya, na ga yana dukan cinyarsa da hannu. Da ƙafar hagu ya lalubo birki, da ƙyar ya sauka gefe. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga duk da sanyin da ke cikin motar.

"Ƙafar ta ƙi," ya ce, bai kalle ni ba. "Zo ka kai mu gida. Kada kowa ya ji."

Tun da motar ta zo ban taɓa ganin ya ba wani sitiyarinta ba. Na riƙe shi ya zagaya ya hau ɗaya gefen, ni na koma wajen direba. Hankalina duk yana kan ƙafarsa, hannuna ya tafi da kansa ya danna lamba biyu. Kujera ta ja baya, madubai suka juya. Na zauna, ta karɓe ni cif, ban gyara komai ba. Na miƙa hannu ƙarƙashin sitiyari na saki birkin hannu, wanda shi kansa ya yi kwana biyu yana nema lokacin da motar ta zo.

Sai a nan na tuna abin da na danna. Na juya. Yana kallon gwiwata, yana kallon madubin gefe, ya dawo kan gwiwata. Bai yi ihu ba, da ma ihun ya yi.

"Yaya, manaja ne ya ce..."

Ya ɗaga mini hannu. Ya jingina kai da kujera, yana kallon titi.

"Sati uku ina zagin uban mutumin nan safe da yamma," ya ce. "Ashe ubana nake zagi. Ja mu tafi. Ka bi ta a hankali, da kaya a baya."