Saratu da Jikan Tamada

Kowace safiya Saratu takan share farfajiyar ɗakin maganin mishan da ke gefen Wara, ta ɗora tukunyar dafa allurai a kan risho, sannan ta durƙusa bayan ƙofa ta yi addu'a da Kambarci, harshen da ta tashi da shi a ƙasar Ngaski. A lokacin ƙasar Yauri, wadda Wara ke cikinta, tana cikin Jihar Sakkwato. Saratu ba likita ba ce. Bayan rasuwar mijinta ta koyi jinya a hannun 'yan mishan, ikilisiya kuma ta ajiye ta a nan domin duk wanda ya zo, Kirista ko Musulmi.

Ran nan, cikin damina, ba ta kai ga cewa amin ba sai ga Sahabi, wani masunci daga Tungan Dudu, jiƙe sharkaf.

"Mai magani, yaron gidanmu ne. Amai da gudawa tun jiya."

Bai ce ɗansa ba, don haka ta gane ɗan fari ne.

"Yana shan nono?"

"Inna ta hana, har ruwa. Ta ce su ke ƙara gudawar."

Saratu ta miƙe. Ta sauke tukunya, ta bi shi. Iska ta taso a tsakiyar tafkin Kainji, kwalekwale yana ratsa kututturan itatuwan da ruwa ya haɗiye. Ba ta iya iyo ba. Ta ɗauki ƙwarya ta yi ta kwashe ruwan da ke shigowa, bakinta yana motsi da addu'a.

A tungar suka tarar da Tamada, mahaifiyar Sahabi, zaune a kan tabarma da jinjirin a cinya. Idanunsa sun zurma, maɗigarsa ta faɗa, an shafe ta da wani baƙin haɗi. Uwarsa Barira tana can gindin murhu tana gyaran kifi, ta juya baya. Kunyar ɗan fari ba ta bar ta ta matso gaban surukarta ba.

"Mi ya kawo ta?" in ji Tamada. "Hannun 'yar mishan ba ya sa wa jikana komai a baki. Yau cokali, gobe coci!"

Matan da suka taru suka yi ƙasa da kai. Maganar ta soki Saratu, domin a cikinsu akwai waɗanda ita ta karɓi haihuwarsu. Amma yaron ba shi da lokacin gardama. Ta tuɓe takalma, ta durƙusa a ƙasa, ba ta hau tabarmar ba.

"Na ji, Inna. Kada hannuna ya taɓa. A tafasa ruwan randarku, a sa gishirinku da sukarinku, ki yi bisimilla ki ba shi da hannunki. Ni ki bar mini tsummokaran nan in wanke."

"Ruwa? So kike ya ƙarasa tsiyayewa?"

"Ki ɗan ja fatar cikinsa, ki saki."

Tamada ta ja, ta saki. Fatar ta tsaya a tattare kamar ta kifin da ya wuni a rana. Tsohuwar ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce a hura wuta.

Saratu ta faɗi awon daga inda take. Tamada ta ɗiga cokali na farko, ta ƙara, ta ƙara. Sai yaron ya amayar da shi duka, kansa ya langaɓe.

"Kin gani!" Tamada ta jefar da cokalin. Wata daga baya ta ce in ya tafi, an san wanda za a tambaya.

Saratu ta san haka ne. In yaron ya mutu, ba wanda zai ƙara kai ɗansa ɗakin maganin. Ta ɗauko cokalin, ta ɗauraye, ta miƙa da hannu biyu.

"A ɗan dakata a sake, Inna, kaɗan-kaɗan. Saura nono. Barira kuwa ba ta jin maganar kowa sai taki."

Tamada ta dubi bayan surukarta, ta ja tsaki.

"Ke Barira, zo ki riƙe mini mijina. Zan duba kifina kada ya ƙone."

Ba kifin da ke ƙonewa. Ta fita, ta kore matan. Barira ta rungume ɗanta, ya kama nono da ƙyar. Haka suka wuni, nono daga uwa, cokali daga kaka, Saratu tana kwashe ƙazanta tana binnewa nesa da inda ake ɗiban ruwa.

Bayan la'asar Tamada ta zabura, ta ɗaga yaron daga cinyarta. Zanenta ya jiƙe.

"Kai, ja'iri! Wane irin miji ne ke yi wa matarsa fitsari a gaban mutane?"

Saratu ta sunkuyar da kai ta yi godiya ga Ubangiji, domin ta san ruwa ya zauna a jikinsa. Mata suka dawo, Tamada tana ba su labarin yadda ta shafa maɗiga ta kuma haɗa ruwan da kanta. Sahabi ya buɗe baki zai gyara maganar, Saratu ta riga shi.

"Hannun Inna yana da albarka."

Aka kawo mata fura a wata ƙwarya mai tsaga da ake ajiyewa dabam domin wanda ba Musulmi ba. Ta sha, ta yi godiya. Sannan ta zuba tafasasshen ruwa a kan sauran tsummokaran, ta wanke su da sabulu a bayan tunga. Tana matse zanen Tamada, Barira ta zo ta kama ɗaya gefen. Suka murɗe shi tare, suka shanya a kan sandar shanya tarun kamun kifi.