Takardar da na kai wa Kofi a Al Quoz

"Karanta nan," na ce wa Kofi, na dangwarar masa da takarda a kan kwalin da muke cin abinci.

A Dubai ne, shekarar dubu biyu da 'yan kai, muna aikin kargo a wani sito a Al Quoz. Kofi ɗan Ghana ne mai jin Hausa kamar jakin Kano, kuma ɗan cocin Mormon. Kullum muna musun addini, har na ci alwashin sai na ƙure shi. Na je kafen intanet na bugo tarihin yadda shugabanninsu suka daɗe suna hana baƙar fata limanci.

Ya karanta tsaf, bai tsallake layi ba.

"Gaskiya ne, Malam Sani," in ji shi. "Babana ya sha jira kafin a ɗage wannan hanin. Ba zan wanke su ba, abin yana min ciwo. Amma ba don su nake ibada ba."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu. "Bar min ita. In na je hutu zan karanta wa 'ya'yana. Gara su ji daga bakina."

Wallahi ni da na zo kunyata shi, ni na sunkuyar da kai. Ina nan a Musuluncina, yana kan addininsa, amma har gobe ina alfahari na haɗa kwano da mutumin da ya ƙi yin ƙarya don kare manyansa.

Ku fa, in aka bankaɗo na manyanku, za ku iya kai takardar gida?